Hubert Ogunde: Ɗan Sandan Da Ya Hau Dandamali Da Labarun Littafi Mai Tsarki

Kowace shekara idan an gama kai dawa rumbu, hunturu ya fara busawa, matasanmu na majami'un karkarar Rano da Kibiya sukan shiga shirin wasan Kirsimeti. Mu da muka tashi a wajajen Zurgu mun san yadda abin yake. A ari farin zanen gado a yi wa mala'ika riga, a yanka kwali a manna masa takarda mai ƙyalli ya zama kambin Hirudus, a jawo tunkiyar wani dattijo a ɗaure ta a bakin ƙofa domin makiyaya. Ba yaron da yake son ya fito a Yusufu, domin Yusufu ba shi da magana. Kowa Hirudus yake so, don shi ne mai tsawa, shi kuma ake yi wa dariya. Har ila yau ba a rasa dattijo guda da zai ɗaure fuska, yana ganin ɗakin sujada ba wurin wasa ba ne, Maganar Allah kuma ba tatsuniya ba ce da za a riƙa yi mata shewa.

Wannan gardama ta girme mu duka. Shi ya sa a wannan mako muka ga ya kamata mu kawo muku tarihin wani mutum wanda rayuwarsa kaf a cikin gardamar ta ƙare. Ba Bahaushe ba ne, Bayarabe ne, amma ƙafarsa ta san Arewa. An gurfanar da shi gaban shari'a a Jos, an kama shi a Kano, aikinsa na ƙarshe a duniya kuma a kusa da Jos ya yi shi. Sunansa Hubert Adedeji Ogunde, wanda masana da yawa suke ɗauka a matsayin uban wasan kwaikwayo na zamani a Nijeriya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ikkilisiya ce ta fara ɗora shi a kan dandamali, kuma da Littafin Farawa ya buɗe baki.

An haife shi a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa, Jeremiah Deinbo, Kirista ne ɗan ɗarikar Baptist. Mahaifiyarsa kuwa, Eunice Owotusan, 'yar bokan Ifa ce, watau irin masu duban nan na addinin gargajiyar Yarbawa. Yaron ya zauna a gidan wannan kaka nasa na ɗan lokaci, ya ji kirari da waƙoƙin tsafi, ya ga dodannin da suke yawo gari gari suna rawa da kwaikwayo, hannunsa kuma ya saba da ganga tun yana ƙarami. To, mai karatu ɗan ƙasarmu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Mu ma da yawanmu gida biyu muka fito. Akwai waɗanda ubansu ne ya fara karɓar bishara, alhali kakansu yana nan da tsafinsa a gindin tsamiya, kakarsu kuma ba ta daina bori ba. Yaron da ya tashi haka kunnuwa biyu gare shi, kuma ba ya mantawa da abin da kowanne ya ji.

Karatunsa bai yi nisa ba. Ya yi makarantar St. John ta Ososa, ya yi ta St. Peter a Faji cikin Ikko, watau Legas, ya ƙarasa a Wasimi African School ta Ijebu-Ode a 1932. Daga nan sai ya koma makarantarsa ta farko ya zama ƙaramin malami, yana koyarwa da rana, yana kuma shugabantar mawaƙan majami'a da kaɗa musu ogan. Shekara takwas ya yi a haka. A nan ne ya koyi abin da kowane shugaban mawaƙa ya sani, cewa jama'a sukan manta da wa'azi kafin su isa gida, amma waƙa tana bin su har gona.

A 1941 ya shiga aikin ɗan sanda a Badun. Bayan shekara biyu aka mai da shi Ebute-Metta a Ikko, a can ne kuma ya shiga wata ikkilisiya ta 'yan ƙasa mai suna Church of the Lord, ɗaya daga cikin waɗanda ake kira Aladura, watau masu addu'a. Josiah Ositelu ne ya kafa ta a Ogere a 1930. Ikkilisiyoyin Aladura ba su ƙyamar tafi da rawa da ganga cikin sujada kamar yadda majami'un mishan na zamanin suke yi, saboda haka mutum irin Ogunde ya sami wurin da kunnuwansa biyu za su yi aiki tare.

Reshen ikkilisiyar na Ikko yana neman kuɗin gini, sai aka nemi wannan ɗan sanda mai iya waƙa ya shirya wani abu da mutane za su biya su kalla. Dama tun kafin shi majami'un Ikko sun saba da shirya irin wannan taro, inda mawaƙa za su jeru su rera labarin Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, suna ɗan rangaji a inda suke tsaye. Abin da Ogunde ya yi shi ne ya kwance musu ƙafa. Ya sa su tafiya, da rawa, da nuna abin da suke rerawa da jiki da fuska, ya kuma shigo da kiɗan gida. Wasan ya sa masa suna The Garden of Eden and the Throne of God, watau Gonar Aidan da Kursiyin Allah. An nuna shi a watan Yuni na 1944 a babban zauren Glover Memorial Hall, Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na farko, shi ne ya shugabanci taron. A lura da wannan, domin dattijon namu mai ɗaure fuska: ba a cikin ɗakin sujada aka yi wasan ba. Zauren gari aka kama, inda mai bi da marar bi duk za su iya sayen tikiti su zauna kujera ɗaya.

Wasan ya karɓu ƙwarai, sai wasu suka biyo baya cikin sauri. A 1945 kaɗai ya fito da Israel in Egypt, labarin bautar Isra'ilawa a Masar, da Nebuchadnezzar's Reign and Belshazzar's Feast, labarin sarakunan Babila daga Littafin Daniyel, da kuma King Solomon, labarin Sarki Sulemanu.

A nan muke so mu ɗan tsaya, domin a ganinmu nan ne cibiyar rayuwar mutumin. Ku dubi labarun da ya zaɓa, ku kuma tuna da wace shekara ake ciki. Yaƙin Duniya na Biyu yana ƙarewa, kaya sun yi tsada, albashin ma'aikaci ba ya kai shi ƙarshen wata, ƙasa kuma tana hannun Turawan Ingila. Sai ga mutane sun cika zaure suna kallon wata al'umma da ake sa ta yin tubali ba a ba ta ciyawar kwaɓi ba, da sarkin da ya taurare zuciyarsa har ya hallaka rundunarsa a teku. Suna kallon mai mulkin duniya da ya yi fahariya da birninsa aka kore shi jeji ya ci ciyawa kamar sa, da magajinsa da yake shagali da kwanonin Haikali a daren da aka auna shi aka tarar bai cika ma'auni ba. Ba sai an ambaci sunan Gwamna ba. Leburan jirgin ƙasa da ya zauna a kujerar baya ya san wane ne Fir'auna a rayuwarsa. Wanda kuwa ya shirya duk wannan, da safe zai sa kakin Sarkin Ingila ya tafi caji ofis. Ikkilisiya kuɗin bulo da kwano ta nema, amma abin da ta samu ya wuce haka, domin waɗannan labaru idan aka karanta su daga bagadi mutum yana iya gyangyaɗi, amma idan Fir'auna ya tsaya a gabanka da nama da jini yana daka wa bawa tsawa, to, gani ya kori ji.

Kada kuma a ɗauka wannan baƙon abu ne ga Littafi Mai Tsarki. Annabawa da kansu sun yi wa'azi da jiki. Irmiya ya rataya karkiya a wuyansa ya shiga da ita gaban manya, kamar yadda yake a sura 27 ta littafinsa. Ezekiyel, a sura 4, ya zana Urushalima a kan tubali ya kewaye ta da yaƙi irin na wasan yara, ya kwanta a gefe guda kwana da kwanaki mutane suna kallo. A ƙasashen Turai ma an daɗe ana yi. Mutanen ƙauyen Oberammergau a Jamus tun 1634 suke nuna shan wuyar Almasihu, kusan kowace shekara goma, har wa yau.

Daga Fir'auna zuwa Gwamna taki ɗaya ne, Ogunde kuwa ya yi takin. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan gwamnati suka shiga yajin aiki na gama gari a kan tsadar rayuwa, wanda ya ɗauki fiye da mako shida. Kafin shekarar ta ƙare ya mai da abin wasa mai suna Strike and Hunger, Yajin Aiki da Yunwa. A 1946 ya ajiye aikin ɗan sanda, ya zama mutumin da ba shi da wata sana'a sai wasan kwaikwayo, da ƙungiyarsa African Music Research Party, abin da mutane suka ɗauka wauta ce a lokacin. A shekarar ce ya fito da Tiger's Empire, mai sukar mulkin mallaka, ya kuma ɗauki jama'arsa zuwa Arewa. A Jos 'yan sanda, tsofaffin abokan aikinsa, suka tsai da wasan, aka kai shi kotu aka ci shi tara. Jaridun 'yan kishin ƙasa, musamman West African Pilot ta Azikiwe, suka tsaya masa. Haka kuma suka yi a 1947 sa'ad da aka so a hana shi fasfo, har ya samu ya tafi Landan da matarsa Adesewa, inda ya koyo wasu raye-rayen Turawa.

Akwai wani abin da ya same shi a 1948 wanda ya kamata masu shirya wasanni a majami'unmu su ji. Ya kai wasan Sarki Sulemanu ƙasar Gwalkwas, Ghana ta yau, ya yi hasara, domin yawancin 'yan kallo ba su jin Yarbanci. Labarin Sulemanu ne, sun san shi daga makarantar Lahadi, amma bai shige su ba. Sai da ya dawo gida ya shirya wani mai yawan kiɗa da rawa, sa'an nan ya koma ya ci kasuwa. Harshe ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya da abokansa suka sha wahala a kai, amma sai ka ga matasanmu sun kwafo wasa da Turanci daga birni sun nuna wa tsofaffin da ko gaisuwa ba su ji da shi. Duk wanda ya taɓa zama a filin makaranta da dare ana haska majigin rayuwar Yesu, wannan na 1979 da aka ɗauko daga Bisharar Luka, ya san irin shirun da yake sauka a kan taro idan aka ji muryoyin suna Hausa.

Karonsa da hukuma a Kano kuwa ga yadda ya faru. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal da suke neman hakkinsu a Iva Valley, kusa da Inugu, suka kashe mutum 21. Ogunde ya shirya wasa a kai a 1950 mai suna Bread and Bullet, Burodi da Harsashi. Da ya kawo shi Arewa cikin rangadi, hukuma ta hana nuna shi a Kano, aka kama shi bisa zargin tunzura jama'a. Zargin bai tsaya ba, sai aka ɓige da cin sa 'yar tara a kan manna takardun talla ba tare da izini ba. Yawancin masu kallonsa a garuruwan Arewa mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari, amma hukuma ta san magana ba ta tsayawa a bakin unguwa.

Yanzu kuma ga inda tarihin ya yi mana nauyi, ba kuwa za mu tsallake shi ba don muna yabon mutum. A wancan zamani iyaye ba su yarda 'yarsu ta hau dandamali, ana ganin abin zubar da mutunci ne. Wadda ta shigo ƙungiya kuma, da ta yi aure sai miji ya janye ta. Hanyar da Ogunde ya bi ya riƙe 'yan wasansa mata ita ce ya aure su. Ya tara mata fiye da goma, da 'ya'ya masu yawa, ƙungiyar ta zama gida guda mai tafiya a bayan babbar mota. Masu kare shi sukan ce dabarar sana'a ce, da ba don haka ba da wasan ya mutu tun a jariri. Mun ji wannan, amma ba za mu kira shi abin koyi ba. Mutumin da ya nuna wa Ikko labarin Sulemanu ya san abin da sura 11 ta Littafin Sarakuna na Fari ta faɗa game da gidan Sulemanu. Laifin kuma ba nasa kaɗai ba ne. Jama'ar da take biyan kuɗi ta kalli mace tana fitowa a Hawwa'u, sa'an nan ta koma gida ta kira ta 'yar iska, ita ma tana da nata kaso. Uwargidansa Adesewa, wadda ta riƙe ƙungiyar tare da shi tun farko, ta rasu a hatsarin mota a 1970 a kan hanyar zuwa wasa.

Bayan samun 'yancin kai bakinsa bai mutu ba, sai dai Fir'auna ya sake fata. A 1964, lokacin da rikici ya raba Cif Obafemi Awolowo da Cif Ladoke Akintola, Firimiyan Jihar Yamma, aka gayyace shi ya yi wasa a wani taro a Badun, Akintola yana zaune. Wasan shi ne Yoruba Ronu, watau Yarbawa Ku Yi Tunani, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa ya bashe shi ga maƙiya. Firimiya ya gane da wa ake, ya tashi ya fita tun ba a gama ba. Gwamnatinsa ta hana ƙungiyar Ogunde yin wasa ko'ina a Jihar Yamma, inda nan ne abincinsa yake. Amsar da ya bayar wani wasan ne, Otito Koro, wanda ma'anarsa daidai take da maganar Hausawa cewa gaskiya ɗaci gare ta. Sai a watan Fabrairu na 1966, bayan juyin mulkin soja, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi ya ɗage hanin. Mai karatun Littafin Sama'ila na Biyu zai tuna da annabi Natan, wanda ya shiga fada da labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa, ya bar Sarki Dawuda ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Dabarar ɗaya ce. Bambancin shi ne Dawuda ya zauna ya ji har ƙarshe.

Ba shi kaɗai ne ya fito daga majami'a ba. Kola Ogunmola, malamin makarantar mishan a ƙasar Ekiti, shi ma da labarun Littafi Mai Tsarki ya fara. Duro Ladipo kuwa, a farkon shekarun 1960, ya shigo da gangunan gargajiya cikin waƙoƙin Ista a majami'ar All Saints ta Oshogbo, shugabanni suka ƙi amincewa, ya kwashe kiɗansa ya fita da shi waje, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu wasan ƙasar nan. Mukan yi tunani, da an ja waɗannan mutane a jiki an yi musu gyara a ciki, me ikkilisiya za ta samu? Ga shi yau ba wanda yake ɗaga gira idan 'yan Sabon Rai ko zumuntar mata suka shigo da tulu da kacau-kacau da ganga, abin da a dā zai iya sa a ɗora wa mutum horo.

Sauran shekarunsa na ɗaukaka ne, za mu bi ta kansu da sauri. A 1967 ya wakilci Nijeriya a babban bajekolin duniya na Montreal a Kanada. Da sinima ta fara janye 'yan kallo, shi ma ya koma can: Aiye a 1979, wanda Ola Balogun ya ba da umarni, Jaiyesimi a 1980, Aropin N'Tenia a 1982, Ayanmo a 1988. Jami'o'in Ife da Legas suka ba shi digirin girmamawa, a 1986 kuma gwamnatin tarayya ta ɗora masa aikin haɗa ƙungiyar wasanni ta ƙasa.

Sai dai fina-finan nan, musamman biyun farko, ba daga gidan ubansa suka fito ba, daga gidan kakansa ne. Mayu ne suke taro da dare suna shirya mugunta, boka mai gaskiya kuma shi ne yake karya su. Masu bi da yawa sun ƙi su, suna ganin sun ƙara wa mutane tsoron maita, sun kuma nuna ceto a hannun da ba nan yake ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, mu da muka ga yadda zargin maita yake raba zumunci a ƙauye ba za mu raina shi ba. Amma abin lura, da masu wasan bishara suka tashi, irin su ƙungiyar Mount Zion da Mike Bamiloye ya kafa a 1985, wadda ta fito da Agbara Nla a farkon shekarun 1990, filin da Ogunde ya share suka shiga. Duhun daren nan ne, da mayun, da tsoron, sai dai sun sauya sunan da yake ba da nasara. Ko sun rage tsoron ko sun ƙara shi, wannan gardama ce da fastocinmu ba su gama ba tukuna.

A 1989, yana da shekara 73, ya sake hawowa Arewa. Wani Bature ɗan Ostareliya, Bruce Beresford, yana ɗaukar fim mai suna Mister Johnson a Toro ta Jihar Bauchi, kusa da Jos, daga littafin da Joyce Cary, tsohon jami'in mulkin mallaka a ƙasar Borgu, ya buga a 1939. Labarin wani akawu ne ɗan Kudu, Kirista, da ya zo aiki wani gari na Arewa ya rasa inda zai tsaya tsakanin Turawa da mutanen gari. Ogunde ya fito a ciki a matsayin Brimah, ya kuma taimaka wajen shirya aikin. A can ciwo ya kama shi, ba nisa da garin da aka fara kai shi kotu shekara 43 da suka wuce. Aka kai shi asibitin Cromwell a Landan, ya rasu ran 4 ga Afrilu 1990. Gidansa na Ososa iyalinsa sun mai da shi gidan tarihi a 2015, inda aka jera tufafin wasa da gangunan da ya yi yawo da su.